Masu Kai Kuka Sharaɗa: Yadda Labarin Gida Ke Ɓacewa Ya Dawo a Kano

Wanda ya saba bin titunan Sharaɗa ya san irin masu wucewa ta wurin: tirela shaƙe da buhuna, kurar turawa ɗauke da fatu masu gishiri, 'yan adaidaita-sahu suna kauce wa ramuka, ma'aikata suna sauri kada a rufe musu ƙofa. Amma daga ƙarshen shekarar 2003 sai aka fara ganin wani ayari dabam, wanda ba ruwansa da inji ko sito. Su magana suka kawo. Ga dattijuwar da jikanta ya fita tun shekaranjiya bai dawo ba, ga 'yan fansho da takardunsu a cikin leda, ga mai unguwa da mutanensa da taransifomarsu ta ƙone wata da watanni, ga leburorin da aka sallama ko sisin kwabo ba a ba su ba. Dukkansu gidan rediyon Freedom suka nufa, wanda ya fara watsa shirye-shirye a watan Disamba na wannan shekarar a kan mita 99.5, daga tsakiyar rukunin masana'antu.

Lokacin da abin ya faru shi ne abin dubawa. Gidan ya buɗe baki ne daidai sa'ad da maƙwabtansa ke yin shiru ɗaya bayan ɗaya, masaƙu suna garƙame ƙofa, ciyawa tana cinye harabar kamfanonin da a da jiniyarsu ce ke tashin unguwa da asuba. Kuma ba wannan ne karon farko da labarin gida ya ɓace wa Kanawa ya sake dawowa ba. Ya sha yin haka, sau da yawa ta hannun mutumin da ya je wani wuri ya ga yadda ake yi, sannan ya komo.

Na farkon da za a iya kamawa da suna shi ne Malam Bello Dandago. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turawan mulki sun buƙaci masu karanta labarin yaƙi da Hausa, sai aka kai shi Akra, shi da Malam Isa Kaita na Katsina. Da ya dawo gida sai ya kama aikin rediyon waya ta Kano. Ita wannan ba ta kamo tasha a iska. Akwati ne da ake jawo masa waya daga ofis, a kafe shi a bango, a riƙa biyan haya. Tasha ɗaya ce tal, iyakar ikonka ka ƙara murya ko ka rage. Duk da haka, a cikin wannan akwatin ne mutumin Kano ya fara jin muryar ɗan garinsu tana ba shi labari, kuma har yau hedikwatar Rediyon Kano sunan Bello Dandago take amsawa.

Jarida kuwa ta shigo da zafinta a 1949, shekarar da kamfanin Nnamdi Azikiwe ya ɗauko Daily Comet daga Legas ya dasa ta a Kano. Da aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, Comet ta zama bakin 'yan sawaba. Shafinta na Hausa ya ratsa hannun samari irin su Magaji Dambatta da Tanko Yakasai, wanda tela ne kafin ya zama edita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Telan da ke zaune a shago ya san wanda dogari ya mara jiya, ya san wanda aka ƙwace wa jaki a kan kuɗin haraji, domin a gabansa ake ba da labarin ana jiran ɗinki. A ɗaya ɓangaren, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu a shekarun 1950: Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zazzau, Kano kuma aka ba ta Sodangi. Jaridun yaƙi da jahilci ne, masu ladabi ga hukuma, kuma da aka rushe NORLA a 1959 suka bi ta.

A daidai waɗannan shekaru ne Bompai ke tashi. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, gyaɗa ta biyo shi, dalar buhuna ta tsaya a bakin tasha. Da aka gaji da aika ɗanyen kaya bakin teku sai aka fara matse man a nan, aka kafa majemu na zamani, da masu yin sabulu, alewa, turare da kwanukan tasa, galibi na Kwarori da Turawa. Daga baya har kekunan Raleigh aka riƙa haɗawa a Kano. Ma'aikata suka cika Tudun Wada, Gwagwarwa, Gama da Dakata. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo a zamanin Audu Bako, Bompai ta yi kaɗan. Aka yanka Sharaɗa kashi-kashi a kudancin birni, sannan aka gangara Challawa, a hanyar Panshekara, kusa da kogin da garin ke shan ruwansa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka jawo attajiran birni daga fatauci zuwa ƙere-ƙere, irin su Alhaji Isiyaku Rabi'u da masaƙarsa ta Bagauda. Kano ta zama ta biyu a masana'antu a Najeriya, Legas kaɗai ke gabanta.

Sai dai garin da ke da wannan tarin ma'aikata ba shi da jaridar kansa. Comet ta riga ta mutu. New Nigerian, wadda ta fara fita a 1966, a Kaduna take, kuma idonta na kan manyan Arewa da siyasar tarayya. Rediyon da kowa ke rungume da ita ta Kaduna ce, wadda aka buɗe a 1962, sai kuma na ƙetare: sashen Hausa na BBC tun 1957, na Jamus tun 1963, na Muryar Amurka daga 1979. Leburan Bompai zai iya zayyana maka yaƙin Masar da Isra'ila daki-daki, ya faɗa maka abin da Anwar Sadat ya ce. Amma injin da ya datse yatsun abokin aikinsa ranar Talata, wannan labarin iyakarsa teburin mai shayi.

Muhammadu Abubakar Rimi ne ya toshe wannan giɓi, kuma da gangan ya yi. Ya hau kujerar gwamna a Oktoban 1979 a tutar PRP, ya soke haraji da jangali, ya kuma mayar da 1 ga Mayu 1980 ranar hutun ma'aikata, shekara guda kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. A 1980 ɗin ne ya kafa kamfanin jaridar Triumph, aka raɗa wa gininsa suna Gidan Sa'adu Zungur, don kowa ya san inda aka dosa. Daga baya ya ƙara da gidan talabijin na CTV, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Rimi ɗan siyasa ne, kuma ba a ɓoye yake ba cewa yana neman bakin da zai rama masa, tunda kafofin tarayya na hannun jam'iyyar NPN. To amma in ka tara samari masu jini a jika, 'yan jami'a da suka sha karatun gwagwarmaya, ka ba su injin buga jarida, ba iya abin da ka aike su za su tsaya ba.

Gidan jaridar bai daɗe ba ya ɗanɗana kuɗarsa. Ranar 10 ga Yuli 1981, kwanaki kaɗan bayan gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, tarzoma ta ɓarke a birni. Aka cinna wa gine-ginen gwamnati wuta, har da gidan Rediyon Kano, aka auka wa Triumph, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad, a gidansa. Masu tarzomar sun san inda magana ke fitowa.

Triumph ta tashi ta ci gaba, kuma abin da ya fi shafar unguwannin ma'aikata ba babbar jaridar Turancin ba ce, ƙannenta biyu ne: Albishir, da Hausar boko, da Alfijir, da ajami. Wanda ya yi tunanin Alfijir ya san Kano. Da yawa daga cikin masu dakon fata a Challawa da masu gadin ƙofa a Bompai almajirai ne da suka baro tsangaya, waɗanda takardar ɗaukar aiki ta rubuta su a matsayin marasa ilimi, alhali suna karanta ajami kamar ruwa. A bakin ƙofar kamfani, lokacin da masu aikin dare ke fitowa na safe ke shiga, jarida ɗaya takan zagaya hannu goma. Mutum guda ya karanta da ƙarfi, saura suna kurɓar shayi suna gyara masa: a'a, ba a layin nan gobarar ta tashi ba, a na baya ne. Jaridar da mai karatunta zai iya ƙaryata ta da idonsa dole ta yi hattara.

Wakilin da ke bin harkar ƙwadago a wancan zamani ba ya rasa ƙofar shiga. Tun 1978 gwamnatin soja ta tattara ƙungiyoyin ma'aikata ta mayar da su 42 a ƙarƙashin NLC, don haka kowace masaƙa da kowace majema tana da reshe, tana da sakatare, shi kuwa sakatare ya san darajar ɗan jarida. Manaja zai ce ba ya nan, amma sakataren reshe zai same ka a gindin bishiya da kwafen takardar sallama a aljihu. Daga nan ake ƙulla zumuncin da kan wuce aiki: ka je sunan ɗansa, ya zo ta'aziyyar mahaifinka, ranar da za a tafi yajin aiki kuma kai ne farkon wanda zai sani.

Gidan Sa'adu Zungur ya zama makaranta. Ta nan Kabiru Yusuf ya bi kafin ya kafa Weekly Trust a 1998. Garba Shehu ya shugabanci kamfanin kafin ya zama kakakin Atiku Abubakar, daga baya na Shugaba Buhari. Muhammad Garba daga nan ya tashi har ya zama shugaban ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa. Amma gaskiya ɗaya ce, jaridar gwamnati ce, kuma wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa. Da sojoji suka dawo a ƙarshen 1983 sai faratanta suka fara gajarta. Kowane sabon gwamna ya zo sai shafin farko ya koma hotonsa yana yanka kirtani.

Sannan ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin kowa. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da Janar Babangida ya kawo a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, kamfani ya koma kan janareta da baƙin mai, kuɗin sarrafa yadi ɗaya ya haura na wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa ta kan iyakar Nijar. Kafin a ankara atamfar Sin ta cika Kantin Kwari. Masaƙun Bompai da Sharaɗa suka riƙa rage ma'aikata, daga aiki ba dare ba rana zuwa na yini, daga na yini zuwa kwaɗo a ƙofa. Wanda aka sallama ya karɓi ɗan abin da ya samu ya sayi babur ya shiga acaɓa. Jarida ta ji a jikinta ta fuska biyu: masu ba ta talla sun rufe, masu sayenta ba su da albashi, ga takardar bugawa ita ma daga waje ake kawo ta. Babban labarin Kano na wancan zamani, wato mutuwar masana'antunta, ya zo ne lokacin da mai ba da labarin shi ma yake jinya.

Abubuwa biyu ne suka buɗe hanyar dawowa, kuma babu wanda aka shirya shi don Kano. Na farko dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa hukumar NBC ta kuma halatta wa 'yan kasuwa mallakar rediyo da talabijin. Legas ta riga kowa, Raypower ta fara a 1994. Na biyu wayar salula, da ta shigo a 2001. Kafin nan, in kana son rediyo ta ji ka sai ka rubuta wasiƙa ka jira mako biyu, watakila a karanta gaisuwarka a zaɓi-sonka. Bayan nan kuwa, mai faci a Ja'en zai iya kiran situdiyo yana tsaye a kan kwalbatin da ta karye. Lokacin da wasu manyan mutanen Dutse, cikinsu har da Alhaji Bashir Dalhatu da tsohon hafsan sojan sama Mukhtar Muhammad, suka kafa Freedom, ƙasa ta riga ta jiƙa.

Shirin da ya fi fito da sabon salon shi ne Inda Ranka, wanda muryar Nasiru Salisu Zango ta daɗe tana jan ragamarsa. Tsarinsa ba wuya a faɗe, wuyarsa a aikace. Mai koke ya zo, a naɗi muryarsa. Wakili ya hau babur ya je ya gani da idonsa. A nemi wanda ake ƙara don a ji ta bakinsa, in ya ƙi ɗaukar waya a gaya wa masu sauraro cewa ya ƙi. Bayan kwana biyu a koma a ga ko an gyara. Duk wannan da Hausar kasuwa, da zolaya da habaici, ba da Hausar fassarar sanarwar gwamnati ba. Da dare ya yi sai ka ji muryar shirin tana fitowa daga shagon aski, daga cikin adaidaita-sahu, daga tsakar gida, har mai tafiya a ƙasa zai iya bin labari guda daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Jami'in da ya shekara yana juya takardar mutane a cikin durowa yakan nemo ta da sassafe in ya ji an ambaci ofishinsa. Mara lafiyar da aka faɗi halin da yake ciki yakan wayi gari wanda bai taɓa gani ba ya biya masa kuɗin aiki. Har ta kai in rigima ta yi zafi tsakanin mai haya da mai gida, barazanar kai magana rediyo takan riga ta kai ƙara kotu.

Labarin da ya fi kowane gwada wannan aikin shi ne na ruwan majemu. Jima tsohuwar sana'ar Kano ce. Fatar jan akuyar ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara, ana sayar da ita a Turai da sunan fatar Maroko, kuma har gobe majemar Ƙofar Wambai da bagaruwa take aiki. Ta zamani ba haka take ba. Ana jiƙa fata a wanke gishirinta, a zuba ta a manyan ganguna masu juyawa da farar ƙasa da sinadarin da ke zubar da gashi, sannan a jeme ta da sinadarin kuromiyam har ta fito shuɗi-shuɗi, a loda wa kwantena zuwa Italiya ko Sifen ko Sin. Kowane mataki ruwa yake sha, kuma ruwan sai ya fita. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta, na Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. A bakin waɗannan magudanu akwai masu lambu da ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo, washegari kayan na kasuwa. Masana a Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan da ƙasar suna samun ƙarafa masu guba fiye da ƙima. Mazauna unguwannin ba sa buƙatar awo. Warin kaɗai kan hana baƙo cin abinci, rijiya takan canza launi, kwanon rufi yakan yi tsatsa tun bai tsufa ba.

Ɗan jaridar da ya zo daga Abuja ko Landan zai ɗauki hoton ruwan, ya yi rahoto mai kyau, ya hau jirgi. Na gida kuwa zai dawo da damina in dagwalon ya shiga gidaje, ya dawo da rani in wari ya tashi, ya dawo ranar da aka yi bikin ba da kwangilar matatar dagwalo, ya kuma dawo bayan shekaru ya tarar da bututun a yashe. Wannan naci shi ne ƙarfinsa. Rauninsa kuma a nan kusa yake. Kamfanin da ke zubo ruwan shi ne ya ɗauki ƙanensa aiki, wataƙila kuma tallarsa ce ke sayen man janaretan tashar. Shi ya sa sau tari za ka ji an ce "wani kamfani a Challawa", alhali duk mai sauraro a Panshekara ya san launin ƙofarsa. Ana iya kiran wannan tsoro. Amma wanda zai yi hukunci ya tuna cewa masu koken su ma ba rufe kamfanin suke nema ba, so suke a gyara, don 'ya'yansu ne a ciki.

Hukuma ba ta daɗe ba ta gane abin da ya taso. A watan Maris na 2006, ana tsakiyar rigimar ta-zarcen Obasanjo, NBC ta hana Freedom watsa shiri daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, wato daidai lokacin da gari ke kunna rediyo, ta kuma dakatar da shirye-shiryenta na siyasa. Takunkumin bai yi tsawon rai ba, kuma talla ya zame wa gidan. Sai dai fagen siyasar ya haifar da nasa ciwon. Shiri irin Kowane Gauta ya ba talaka damar caccakar gwamna da bakinsa, abin da kakansa ɗan NEPU ya sha ɗauri a kai. Shi ne kuma ya raini sojojin baka, masu zagayen tashoshi suna yabo da zagi gwargwadon abin da uban gida ya sanya musu a aljihu. Da tashoshi suka yawaita, Dala da Rahama da Express da Arewa da sauransu, sayar da fili ga 'yan siyasa ya zama babbar hanyar samun kuɗi, tunda masana'antun da za su ba da talla sun ƙaranta.

Duk da haka gidajen rediyon sun jawo waɗanda suka yi nisa. Marigayi Umar Sa'idu Tudun Wada misali ne. Ya yi aiki a CTV da sashen Hausa na Muryar Amurka, ya dawo ya riƙe manyan muƙamai a Freedom, daga baya ya shugabanci Rediyon Kano, kafin rasuwarsa a haɗarin mota a 2019. A idon mai lissafin albashi, barin dala a dawo naira wauta ce. Amma aikin ba iri ɗaya ba ne. A tashar ƙetare Kano takan samu minti uku, in an yi gobara ko an yi kisa. A gida kuwa mai gabatar da shiri zai fito daga masallacin Juma'a wani ya riƙe masa hannu ya ce shi ne mai maganar filin nan da aka ƙwace, an fa mayar masa. Wani kuma zai tare shi a wurin ɗaurin aure ya ce ƙarya aka yi masa, kuma sai an gyara. Irin waɗannan mutane sun dawo da horon da suka samu a waje, na tantance labari da jin kowane ɓangare, suka koya wa yaran da ba su taɓa fita ba.

Shekarar 2012 ta zo wa 'yan jaridar Kano da duka biyu. Ranar Juma'a 20 ga Janairu, Boko Haram ta kai hare-hare a wurare da dama lokaci guda, ciki har da hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, aka kashe mutum fiye da 180. Cikinsu akwai Enenche Akogwu, wakilin talabijin na Channels, wanda aka harbe yana bakin aiki. A kwanakin dokar hana fita da suka biyo baya, rediyon gida ce ke gaya wa mutane titin da aka rufe da asibitin da za su duba 'yan'uwansu. Kafin shekarar ta ƙare kuma gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta rufe Triumph, bisa hujjar cewa ba ta iya ɗaukar nauyin kanta. Albishir da Alfijir suka tafi tare da ita. Sai a zamanin Abdullahi Umar Ganduje aka farfaɗo da kamfanin, lokacin da tsohon ma'aikacinsa Muhammad Garba ke kwamishinan yaɗa labarai. Ta dawo, amma ta tarar masu karatu sun koma kan waya, inda jaridun intanet irin su Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ke fasa ƙwai tun kafin injin bugawa ya yi zafi.

Su ma unguwannin masana'antun ba su mutu duka ba, sun sauya sana'a ne. Inda ake saƙa a da, yanzu robobi ake narkawa, ko a casa shinkafa, ko a cika lemo a kwalba, wasu gine-ginen kuma sun zama sito na kayan da aka shigo da su. Abin da ya ragu sosai shi ne ƙungiya. Yawancin ma'aikatan yau 'yan wucin gadi ne da ɗan kwangila ke kawowa, ba takarda, ba fansho, ba sakataren reshe da zai jira wakili a gindin bishiya. Abin da ke hannunsu waya ce. A watan Yuni na 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda suka shiga wani kamfanin casar shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata fiye da 100, waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata uku, ana yi musu barazanar kora in suka taka waje. Ta hanyar kiran da wani daga ciki ya yi wa masu kare haƙƙin ɗan Adam ne asirin ya tonu. Daga nan labarin ya shiga kafofin gida, BBC ta ɗauka, duniya ta ji.

Akwai labarin ƙwadago guda da har yanzu ba a cika jin sa a iska ba, shi ne na masu ɗauko labarin. A ƙananan tashoshi da dama wakili yakan yi shekara yana aiki da sunan gwaji ko sa-kai. Inda ake biya ma, albashin kan makara. Kuɗin man babur da na katin waya daga aljihunsa suke fita, shi ya sa ambulan ɗin "kuɗin mota" da ake miƙawa bayan taron manema labarai yake da wuyar ƙi. Yarinyar da ta gama karatun aikin jarida a Jami'ar Bayero, aka tura ta Sharaɗa ta naɗo muryar leburorin da ke kukan an riƙe musu kuɗin wata biyu, mai yiwuwa ita ma nata na wata uku bai shigo ba. Za ta koma ofis ta tace muryoyin, ta kira manajan kamfanin don jin ta bakinsa, ta miƙa wa edita kafin labaran yamma.